Kuɗin Hanyar Agadas da Suka Ƙare a Fangalin Albasa

Shaida za mu bayar a kan rayuwar wani matashi na ƙasar Daura, mu da muka daɗe cikin harkar lambu da kiwo a wannan yanki. Ba za mu kama sunansa ba, ba kuma za mu faɗi ƙauyensu ba. Yadda abin ya gudana muke so matasa su gani dalla-dalla, domin yawancin masu cewa a zauna a gina ƙasa ba sa faɗin da me za a gina ta.

Ɗan manomi ne. Mahaifinsa ya rasu yana sakandare, ya ƙarasa da ƙyar, ya lallaɓa ya yi difloma, sannan ya shiga sahun masu yawo da takardu a ambulan. Da abin ya ƙi, ya karɓi babur na wani yana kabu-kabu, yana kai wa mai babur balas kullum yamma. Abin da ke saura a aljihunsa bai wuce na cefane ba. Aka raba gado, rabonsa ya faɗo a kan sa guda da ɗan kason gona, ya sayar da san, mahaifiyarsa ta kwashi adashi ta ƙara masa. Niyyarsa Libiya.

Wanda ba ɗan nan ba ne zai yi mamakin yadda tafiyar take da sauƙi a bakin yaranmu. Daga Daura zuwa iyakar Kwangwalam ba a cika awa guda a mota. Ka tsallaka, sai Matamaye, sai Damagaram, sai Tanut, sai Agadas, kuma duk tsawon hanyar nan Hausa za ka yi ta yi da direba da mai shayi da ɗan kamasho. Cirani ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kakanninmu sun yi shi. Shi ya sa yaro yake ɗaukar Libiya kamar ciranin da ya ɗan fi nisa. Daga Agadas ne labari yake sauyawa. Ana loda mutum ashirin da wani abu a bayan Hilux, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa a tsakanin cinyoyi don kada ya faɗo, ga jarkar ruwa an naɗe ta da buhu. A bi ta Dirku, a wuce Madama, a shiga Gatrun, a sauka Sabha. Wanda kuɗinsa ya ƙare a hanya, ko direba ya sayar da shi, gidan bashi ake kai shi: a tsare shi, a buga wa danginsa waya yana kuka suna ji, sai an turo kuɗi a sake shi. A 2017 duniya ta ga bidiyon da tashar CNN ta fitar ana gwanjon mutane a Libiya. Kafin nan, a watan Oktoba na 2013, an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu na ƙut da ƙut. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, sai direbobi suka bar hanyar da ke da rijiyoyi suka koma bin ɓarauniyar hanya, mutuwa ta ƙaru. Gwamnatin soja ta soke dokar a ƙarshen 2023, ayari ya dawo fili.

Yaron ya san duk wannan. An kuma gaya masa kowa ya bar gida gida ya bar shi har ya gaji da ji. Ba abin da ya motsa shi, don wanda ke kwana da tunanin balas ba karin magana yake nema ba. Wanda ya tare shi kawunsa ne, ƙanin mahaifiyarsa, tsohon ɗan lambu, kuma bai yi masa wa'azi ba. Cewa ya yi: "Ɗana, ara mini kanka da kuɗin nan rani ɗaya. In damina ta faɗi ba su dawo ba, ni zan raka ka tasha." Yaron ya ce, "To, Kawu," ba don ya gamsu ba, sai don ba a yi wa kawu musu.

Ga inda kuɗin suka shiga. Aka karɓi aron fili a fadama, kimanin kwata na hekta. Aka kira masu haƙa suka buga rijiyar fadama, irin wadda ake tura bututu da ƙarfin ruwa, zurfinta bai wuce mita goma zuwa sha biyu ba. Aka sayi injin ban ruwa mai inci biyu, da tiyon zuƙa da na turawa, da iri, da taki. Nan akwai abin da sabon shiga ba ya sani: injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa da kamar mita bakwai, komai sabuntarsa. Saboda haka kafin a biya mai haƙa, sai a tambayi maƙwabtan fili inda ruwa yake tsayawa a watan Maris, ba a watan Nuwamba ba. Da yawa sun haƙa lokacin da ƙasa take cike da ruwan damina, albasa na fara ɗaura kai ruwan ya gudu. In ya sauka kaɗan, dabarar ita ce a haƙa rami a gefen bututun a saukar da injin ciki. Ƙasan bututun kuma dole a tsattsaga shi sirara-sirara a zagaye shi da tsakuwa, in ba haka ba yashi zai riƙa biyo ruwa yana cinye fankar injin.

Albasa aka zaɓar masa, ba tumatir ba, kuma da dalili. Tumatir in ya nuna, kwana biyu ne, ko ka sayar yadda dillali ya ga dama ko ka zubar. Ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta share gonakin tumatir a Arewa a 2016, har yanzu tana dawowa in zafi ya shigo. Albasa kuwa tana jira, in an san yadda za a sa ta jira.

Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba aka yi renon iri. Kwatan hekta na cin iri kilo ɗaya ko da ɗan ɗoriya. Ana gyara gado mai faɗin mita guda, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a ja layi-layi da yatsa, a zuba irin ba zurfi, a rufe da ciyawa busasshiya, a riƙa yayyafi safe da yamma. Cikin mako guda zuwa kwana goma zai tsiro, nan take a janye ciyawar, in aka bar ta tsiron zai yi tsawo ya yi laushi ya kwanta. Ruwa in ya yi yawa a wannan mataki, gindin tsiron yake ruɓewa, ka wayi gari ka ga gado ya yi sanƙo. Bayan mako shida zuwa bakwai, in kaurinsa ya kusa na fensir, a cire a datse kan ganyen a dasa. Irin da ya tsufa a gado, da ya sha sanyin hunturu sai ya fitar da sandar fure maimakon ya ɗaura kai, kuma albasar da ta yi haka ba ta ajiyuwa.

Fangali a wurinmu ba a yin sa da girma, don ƙasar tana da yashi, in ya yi faɗi ruwa zai nutse a baki kafin ya kai ƙurya. Mita biyu da mita uku ya isa. Tsakanin layi da layi santimita 15, tsakanin tushe da tushe santimita 10, wato kamar faɗin tafin hannu. Masu son manyan kawuna sukan buɗa fiye da haka, amma matsakaiciyar albasa ta fi daɗewa a ajiya kuma ta fi shiga kasuwa. Ban ruwa duk bayan kwana uku ko huɗu lokacin sanyi, in zafi ya shigo a matso da shi. Taki: takin gargajiya tun wajen gyaran fili, takin zamani na kamfa (NPK) kamar buhu ɗaya da rabi bayan dashe ya kama, sai yuriya rabin buhu a raba ta biyu. Ciyawa da hannu ake cire ta ko da 'yar ƙaramar fartanya, don saiwar albasa a sama take. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari da ke ɓuya a matsematsin ganye suna tsotsa, lawashi ya yi fari-fari kamar an watsa masa toka. Sai an buɗa ganyen ake ganinsu. Feshi da sassafe ko da yamma, kuma kada a nace wa magani iri ɗaya, suna sabawa da shi.

Ranin farko bai yi kyau ba, bai kuma yi muni ba. Yaron ya ga lawashi ya yi kore shar, daɗi ya kama shi, ya ƙara yuriya bayan albasa ta fara ɗaura kai, ba da sanin kawunsa ba. Sakamakon haka wuyanta ya yi kauri, ya ƙi bushewa. Irin wannan ko an ajiye ta, ta wuyan ruwa zai shiga ta ruɓe. Dole aka sayar a watan Afrilu, lokacin da albasar kowa ta fito, farashi yana ƙasa. Ya mayar da kuɗin iri da taki da mai da ladan ma'aikata, ya ɗan sami abin da ya rage. Sai dai inji yana nan, rijiya tana nan, kuma hannunsa ya koyi aikin. Kawun ya cika alkawari ya tambaye shi maganar tasha. Ya ce a bari ya ga rani na biyu.

A na biyun ne ya gane cewa ribar albasa ba a fangali take ba, a ajiya take. Ana yanke ban ruwa in kusan rabin lawashin ya kwanta da kansa, a bar ta kwana goma zuwa mako biyu. A tumɓuke da hannu, kada a jefa, don wadda ta bugu ita ke fara ruɓa. A jera ta ganyen wannan layi ya rufe kawunan wancan, ta sha iska kamar mako guda ba tare da rana ta ƙona ta ba. Sannan a yanke lawashin a bar wuya kamar faɗin yatsu biyu. Lawashin ma ba a zubarwa, mata na daka shi su yi gabu. Sai rudu: a kafa 'yan sanduna a ɗaga shimfiɗar kara sama da ƙasa kamar tsawon gwiwa, a zuba albasar kada tudunta ya wuce kamu biyu, a yi rufin ciyawa mai gangara wanda ruwa ba ya ratsawa, gefe da gefe a bar wa iska hanya. Duk mako biyu a shiga a tsince wadda ta yi laushi ko ta tsiro. Wanda ya yi kasala da wannan tsintar zai iya rasa sulusi, har rabi. Wanda ya kula, ya riƙe ta zuwa tsakiyar damina ko bayanta, yakan sayar da buhu a ninkin farashin lokacin cirar albasa, wani lokaci fiye. Shi rabi ya sayar da wuri ya biya bashin taki, rabi ya ajiye. Mun fi ba da shawarar haka a kan a ajiye duka, don mai bashi a wuya ba ya iya jiran kasuwa.

Kuɗin da ya fito daga rudu bai sayi babur da su ba, ko da yake abokai sun zuga shi. Raguna ya saya a kasuwar Mai'aduwa, ya ɗaure su turka saboda Layya. Wannan ma aiki ne mai ƙa'ida. Ana zaɓen rago mai ƙashi da tsawo wanda ya rame don yunwa, ba don ciwo ba: a duba haƙori, a duba hanci ba majina, a duba gindi ba zawo. Balami da Uda sun fi girma da tsada, ɗan ƙasa ya fi jure wahala. Ranar da aka kawo shi a ba shi maganin tsutsar ciki da na hanta, a yi masa allurar ƙwarin fata, a nemi ma'aikacin dabbobi ya yi masa rigakafi, a ware shi daga sauran dabbobin gida na mako biyu. Abinci harawa da kowar wake da dusa, ɗan ƙuli-ƙuli, kanwa da gishiri, ruwa mai tsabta. Dusa a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Wanda ya cika wa sabon rago kwano da dusa ko tsaki rana ɗaya, kumburin ciki zai kashe masa shi kafin asuba. Wata uku ya isa, abin da ya wuce haka ragon ne ke cin ribar. Harawa kuma da kaka ake sayenta a ɗora a kan rumfa, wanda ya bari sai bazara zai saye ta da tsadar da za ta cinye lissafin. Shi wake yake shukawa a kason gonarsa da damina tsakanin gero, saboda haka harawarsa daga gida take fitowa, takin ragunan kuma ya koma fangali.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin man fetur. Masu lambu da yawa sun ajiye inji a ranin da ya biyo baya, don kuɗin mai ya fi ƙarfin amfanin. A nan karatun yaron ya yi rana. Dama shi ke kwance injinsa in ya ƙi ja, ya san cewa yawancin abin da ake kira lalacewa iska ce ke shiga ta mahaɗar tiyo, a naɗe da robar taya a ɗura ruwa shi ke nan. Ya san injin da aka bari yana aiki ba ruwa, sil ɗinsa, wato abin da ke hana ruwa yoyo a cikinsa, ke ƙonewa. Sai ya koyi sauya kafireto inji ya koma aiki da tukunyar gas, ya yi wa nasa, maƙwabta suka fara kawo nasu. Daga baya shi da wasu mutum uku suka haɗa kuɗi suka sayi famfon sola da farantansa, suna karɓa-karɓa. Sola ba ta shan mai, amma tana da nata sharuɗɗan. Ƙurar hunturu na rage mata ƙarfi, sai an goge farantan kullum da tsumma mai laushi. Ruwanta ba ya zuwa da ƙarfin na inji, saboda haka ban ruwa yakan ci yini. Ɓarayi kuma suna son farantan, dole a kwashe su da yamma ko a kwana a wurin.

Ba za mu ce ya yi arziki ba. Ya yi aure, yana ciyar da mahaifiyarsa, ƙannensa biyu suna makaranta da kuɗin albasa. Lokacin dashe da cira yana ɗaukar mata da samari aikin yini, kuma akwai yara biyu da ke zaune a wurinsa suna koyon gyaran inji. Ba kuma za mu ɓoye ba, cikin abokan da suka yi shirin tafiya tare, akwai wanda ya isa Tarabulus, yana aikin gini, yana turo kuɗi, har ya riga shi yin ɗaki na bulo. Akwai wanda hukumar kula da ƙaura ta duniya ta dawo da shi a jirgi da 'yar leda a hannu, bayan danginsa sun sayar da gona sun fanshe shi. Akwai wanda har yau ba a ji ɗuriyarsa ba, matarsa ba ta san ko takaba za ta yi ba. Iyaye sukan ga ɗakin bulon su manta da sauran biyun, kuma a ganinmu matsin da ke tura yaro hanya sau da yawa daga cikin gida yake fitowa, daga gorin "ɗan wane ya turo".

Wani abin da muke so a lura da shi: kuɗin da ake tarawa don hanya jari ne. Gidan da ya ce ba shi da abin ba yaro ya fara sana'a, shi ne zai sayar da sa da gona in an ce Libiya, ya sake sayar da wata in an kira daga gidan bashi. Kuma ba kowa ne zai yi albasa ba. Akwai riɗi da ake kaiwa kasuwar Dawanau ta Kano, akwai ɗinki, walda, haɗa sola, gyaran waya. Abin da ya haɗa su shi ne a sami babba wanda ya san aikin ya tsaya a kan yaro shekara biyu na farko, don a nan ake karaya.

Hukuma ma da nata. Jihar Katsina na da madatsun ruwa, Sabke da Daberam a nan ɓangarenmu, ga Zobe a Dutsinma, ga Jibiya, ga Ajiwa, amma filin da ake nomawa da ruwansu bai kai abin da za su iya ba, magudanan ruwa da yawa sun cike da yashi. An kawo mana jami'ar sufuri da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta nan garin, duk muna murna, amma ɗan lambu bashin taki a kan lokaci yake nema, a watan Oktoba, ba a Janairu ba. Sannan mu nan Allah Ya rufa mana asiri da zaman lafiya. Matashin Batsari ko Safana ko Faskari da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ba mu da bakin ce masa ya zauna ya yi noma sai an tsare masa ransa.

Matsalar da ta fi ba yaron nan ciwo ba daga kasuwa ta zo ba. Bayan ya shekara uku yana zuba takin raguna a filin aro, ƙasa ta yi baƙi ta yi laushi, sai mai fili ya ce ɗansa zai noma. Ba takarda, ba shaida, rijiya kuma ba a ɗaukar ta a ka. Ya bar ta nan ya koma wani fili ya sake haƙawa. Wannan karon a gaban mai unguwa aka yi magana, aka rubuta: shekara biyar, ga abin da za a ba mai fili duk kaka, in kuma zai karɓa kafin wa'adi zai biya kuɗin rijiya. Kowa ya sa hannu, da shaidu biyu.

Yanzu abin da ke gabansu a fadamar ruwa ne. Matasa sun ga ana samu sun shigo, rijiyoyi sun yi yawa kusa da juna, in kowa ya tayar da inji da safe a watan Maris, kafin azahar wasu sun fara zuƙar iska. Yaron nan ne ya tara su, da yake shi ke gyara wa kowa inji kuma ana jin maganarsa, suka raba kwanaki: na gabas Asabar da Talata, na yamma Lahadi da Laraba, sabuwar rijiya kuma kada a buga ta kusa da ta wani sai an yi shawara. Sun kuma ja da shingensu baya daga burtali, suka bar wa shanun Fulani hanyar zuwa mashaya, da sharaɗin makiyaya su riƙa kwana da garke a filayen bayan an cire albasa. Mutum biyu har yanzu suna satar ban ruwa da dare, an kai maganarsu wurin dagaci.